Wata Biyar Ina Jiran Sannu da Zuwa a Japan

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe abin ya fara karkacewa, a tsakar gidanmu da ke Kaura Namoda, ina durƙushe ina ɗaure bakin jaka. Ban san ya karkace ba sai bayan wata biyar, a wata ƙasa.

Tun da na dawo hutu ƙawaye suke tambayata yadda Japan take. Nakan ce lafiya lau, akwai sanyi, daga nan sai in yi shiru, su kuma su yi dariya su ce har yanzu Sa'adatu ba ta koyi magana ba. Gaskiyarsu ne. A cikin taro zancena tsinkewa yake yi, amma in na sami takarda nakan kai shi ƙarshe. Don haka na zauna na rubuta.

A safiyar nan mutum biyu suka yi mini magana. Na farko Baba ne. Malamin Larabci ne a makarantar sakandare, kuma da ƙyar ya yarda in karɓi gurbin karatun da na samu na nazarin ƙasar noma. Ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Na ba ki shekara guda. In kin dawo hutu, ina son a samu wata dattijuwa 'yar ƙasar, mai gida nata, wadda za ta ce ma Innarki ta san ki. Ba ɗaliba irinki ba, ɗalibi yau shina nan, gobe ya tahi. In babu, karatun ya tsaya nan. Ba ni barin ɗiyata inda za ta kwanta ciwo ba a sani ba."

Ta biyu yayarsa ce, Goggo Hassi, wadda ta taso daga Birnin Tsaba don ta yi mini ban kwana. Da ta ga idona ya kawo ruwa sai ta dafa kafaɗata. "Kada wanga shi dame ki. Ki kama kanki, ki share ɗakinki, ki zamna. Mutanen kirki za su taho miki sannu da zuwa. Wadda duk ta hwara sallama, ki riƙe ta. Amma kada in ji an ce ɗiyar Malam na bin gidajen mutane tana leƙe."

Na ɗauki maganganun biyu da nauyi ɗaya. Ai abin da na tashi na gani ke nan. Lokacin da aka turo wata malama daga Shinkafi ta kama haya a layinmu, kafin a gama sauke mata gado kwanukan abinci sun cika ƙofar ɗakinta. Ba ta taka gidan kowa ba sai da kowa ya taka nata.

Kawu Bello, ƙanen Inna, shi ya raka ni Abuja. A tashar Kaura mota ta cika amma direba bai tashi ba, sai da motocin Gusau suka fara shigowa aka tabbatar hanya lafiya. Kusa da ni wata mata ce 'yar Shinkafi da buhun busasshen tattasai a kan cinyarta, ina ta atishawa tana ta yi mini sannu. Da ta ji inda za ni sai ta ce, "Japan ɗin ta wuce Makka?" Na ce ta wuce sosai. Sai ta ce, "To in za ki yi salla ina za ki duba? Baya?" Na ce yamma. Ta riƙe baki. Direba kuwa ya waiwayo ya ce in na isa in gai da waɗanda suka ƙera motarsa, in faɗa musu injin ya yi ƙoƙari, amma ƙofar baya ta daina buɗuwa daga ciki tun bara.

Ba zan iya cewa komai game da jirgi ba, don yawancin tafiyar idona a rufe yake ina addu'a. Saukata a filin jirgin Japan kuwa ba zan manta da ita ba. Ina jiran kaya sai ga wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga, ya zo ya zauna daidai gindin jakata. Na tattare hijabina na matsa, ya matso. Ashe kilishin da Inna ta naɗe mini cikin zannuwa ya jiyo. Ba a shiga da nama ƙasar. Jami'in da ya karɓe shi ya yi ta sunkuyar da kai yana ba ni haƙuri, har na rasa wa ya yi wa wani laifi. Sannan ya ciro ƙullin daddawa, ya shinshina, ya kira abokin aikinsa shi ma ya shinshina. Na ce shi ke nan, ita ma ta tafi. Sai suka yi murmushi, ya ce tana ƙanshin wani wake da suke ci da safe, ya mayar mini da ita cikin jaka da hannu biyu.

Jami'armu tana wani ƙaramin gari kusa da teku. An kama mini ɗaki a saman wani bene, a kan siririn layi da mota ɗaya take wucewa da ƙyar. Daɓen ɗakin tabarma ce mai kauri, takalmi kuma a bakin ƙofa ake barinsa, wannan bai zama mini baƙon abu ba. Abin da ya zama baƙo shi ne shirun. Ba kukan akuya, ba mai talla, ba sallama. Daura da tagata akwai wani gida mai ɗan lambu, da wata tsohuwa gajeriya mai malfa wadda kullum take durƙushe a cikin albasarta. Da na fara iya haɗa baƙaƙensu na karanta sunanta a jikin ƙofa: Morita.

Ofishin ɗalibai ya ba mu ɗan littafi na ƙa'idojin zama, na kuwa haddace shi. Na san ranar da ake fitar da sharar da ke ƙonewa da ranar kwalabe, na san ana wanke gwangwani kafin a zubar, na san ba a amsa waya a jirgin ƙasa. Ban taɓa kuskure ko ɗaya ba. Na share ɗakina kamar yadda Goggo ta ce, na zuba dabino a faranti na rufe da faifan da Inna ta saƙa, na ajiye kusa da ƙofa. Kullum in na dawo daga makaranta sai in zauna da littafi, kunnena yana kan matakala.

Mako ya wuce, wata ya wuce. Da safe in na fito da shara nakan haɗu da tsohuwar. Ta sunkuya, in rusuna in kawar da ido kamar yadda ake yi wa manya. Takan ɗan tsaya, kamar mai son faɗin wani abu, ni kuma in ce a raina yau za ta ce tana nan tafe. Sai ta sake sunkuyawa ta koma lambunta.

Abinci ma ya ba ni wuya. Shinkafa suke ci fara, ba mai ba miya, kifi kuma wani lokaci ɗanye a kan faranti. Rubutun da ke jikin kayan kanti ban iya karanta shi ba, ina tsoron naman alade, saboda haka na daɗe a kan ƙwai da shinkafa da ayaba. Neman naman halal ne ya kai ni wani shago a babban gari, tafiyar jirgin ƙasa. Ina tsaye gaban firinji sai na ji murya a bayana tana cewa, "Wallahi kazar nan ta riga ni zuwa ƙasar nan." Da Hausa. Na juya, sai hawaye.

"Subhanallahi, ke kuma daga ina?" in ji ta.

Na ce Kaura.

"Kauran Namoda? Maƙwabciya! To share hawayen, kar su ce na dake ki."

Ramatu ke nan, 'yar Maraɗi. Mijinta Isuhu ya daɗe yana karatun injiniya a can, yana jin harshensu kamar a can aka haife shi. Suna zaune a gidajen jami'a na masu iyali, inda kusan kowa baƙo ne. Duk Asabar ɗakinsu yakan cika. Akwai Fitri 'yar Indonesiya da muke ajin koyon harshe tare, akwai Anti Ngozi da ta yi bautar ƙasa a Gusau kuma har yau take kewar fura, akwai wasu Misirawa biyu. Kowa ya kawo abin da ya dafa. Ramatu ta sa mini suna Malama Shiru, takan ce, "Ku matsa mata, yau za ta yi jawabi," in rufe fuska su yi ta dariya. A ɗakin nan na fara cin abinci na ƙoshi.

Hirar kuwa kusan kullum wuri ɗaya take komawa. Mutanen ƙasar nan suna da ladabi amma ƙofarsu a rufe take, shekara za ka yi ba ka ga cikin gidan maƙwabcinka ba. Nakan gyaɗa kai, don ina da hujjata a ƙarƙashin faifai. Yana da daɗi mutum ya ji ba laifinsa ba ne. Sai daga baya na lura mu ma in mun taru ƙofar a rufe take, kuma ba mu taɓa gayyatar ɗan ƙasa ko ɗaya ba.

Na faɗa wa Ramatu sharaɗin Baba. Ta ce, "Wannan ne matsala? Kawo wayar, in sa malfa in ƙanƙance ido in ce na san ki tun kina lakwal." Haka 'yan Maraɗi suke kiran makarantar boko. Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Abin da ban faɗa mata ba, ban kuma faɗa wa kowa ba, shi ne jira nake yi a zo mini. Na ɗauka abu ne da kowa ya sani, kuma ina jin kunyar a san ba wanda ya zo.

Da sanyi ya tsananta, ƙanƙara ta rufe layin, zazzaɓi ya kwantar da ni. Ban kira kowa ba. Ina kwance ina kallon rufi, maganar Baba tana ta dawo mini, ga ɗiyarsa ta kwanta ciwo ba a sani ba. Ranar da na samu na lallaɓa zan fita sayen magani, na buɗe ƙofa sai na ga leda a rataye a mariƙinta. A ciki akwai lemo da wani kwano mai murfi, da kunun shinkafa a ciki, bai gama hucewa ba. Ban ji an ƙwanƙwasa ba. Na kira Ramatu ina godiya.

"Ni? Da ni ce da kin jiyo ni tun daga bakin titi. Kuma ciwo kike yi ba ki faɗa ba? Bari in zo in same ki."

Ta zo ta yi mini faɗa, ta dafa mini farfesu. Kwanon kuwa na wanke shi na ajiye kusa da farantin dabino, ban san mai shi ba.

A ajin koyon harshe asirin ya tonu. Darasin ranar a kan tashi daga gida zuwa gida ne. Malamar ta tambaye mu me muka kai wa maƙwabta da muka sauka. Fitri ta ce sabulu. Wani ya ce ɗan tawul. Da aka zo kaina na haɗa kalmomina a hankali na ce ban kai komai ba, ina jira su zo tukuna. Malamar ta sa hannu ta rufe baki. Sannan ta yi mini bayani a tausashe. A ƙasarsu baƙo ne yake zuwa. A kwanakin farko zai bi gidan dama da na hagu da na daura da shi, da 'yar ƙaramar kyauta, ya faɗi sunansa ya ce a yi haƙuri da shi. Ta ce matasa sun fara sakin al'adar, amma tsofaffi suna riƙe da ita. Wanda bai zo ba kuwa, an fahimci ba ya son a dame shi, kuma ƙyale shi ɗin girmamawa ce.

Na tuna duk safiyoyin da tsohuwar take ɗan tsayawa. Na tuna yadda nake kawar da ido. Littafin ƙa'idoji bai faɗi wannan ba, ina jin don su ma sun ɗauka abu ne da kowa ya sani.

Sanin abu daban, tsallaka layin daban. Sai da na ƙara mako ina kai-kawo a ɗaki. Zuwa a kwana na biyu gaisuwa ce, zuwa bayan wata biyar kuwa me za a kira shi? Amma hutu yana matsowa, kuma na san Baba ba ya maimaita magana. Ranar Lahadi na sayi tawul, na tuƙa tuwon shinkafa na malmala a kwanon nan mai murfi, na yi miyar kuka da sauran daddawata. Na tsallaka zuwa ƙofar Morita. Duk jimlolin da na haddace suka gudu, na ji bakina ya ce, "Salamu alaikum."

Ta buɗe. Ta dubi fuskata, ta dubi kwanon, sai ta yi 'yar dariya ta nuna ƙirjinta. Nata ne.

Ta jawo mini silifa na baƙi, ta zaunar da ni a gaban wani gajeren teburi mai bargo da ɗumi a ƙarƙashinsa. Da guntun harshensu da nake ji, da wayata, da hannu, na ba ta haƙuri na faɗa mata yadda muke yi a Kaura. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta miƙe ta sauko da wani ɗan kwali na alewar wake daga kan kanta. Ta ce tun makon da na sauka ta saya don ranar da zan zo. Da ta ga hijabina ta kira 'yarta da ke birni ta tambayi wadda ba giya ba alade a ciki. Wannan shi ne kwali na uku, in ji ta, na farko da na biyu sun kusa lalacewa ta cinye su ita kaɗai, likita kuma ya hana ta zaƙi.

Na ce ta jira ni. Na haura da gudu na ɗauko farantin dabinon da faifansa. Ya bushe ya zama kamar tsakuwa. Ta ɗauki ɗaya ta ƙwanƙwasa a kan teburi, muka yi dariya har ta share ido. Miyar kuwa ta shanye ta tas. Yauƙinta bai dame ta ba, ta ce su ma suna son abu mai yauƙi.

Daga nan duk Lahadi ina lambunta. Mijinta ya rasu da daɗewa, ita kaɗai take zaune. Na auna mata ƙasar lambun a makaranta na kawo mata shawara, ta gode mini sosai, ta ci gaba da yin yadda ta saba. Wata rana ta kawo mini ɗanyen kifi, na yi ta juya shi a faranti, ba ta sake kawowa ba. Na kai mata Ramatu, suka yi hira mai tsawo ba wadda take jin harshen wata.

Da hutu ya kusa na roƙe ta ta yi magana da iyayena. Baba ya ce ba zan zama tafintan kaina ba, don haka Isuhu ya zo, Ramatu ta biyo shi. Da la'asar a can, hantsi a Kaura. A waya ina ganin Baba da Inna a kan tabarma. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Sannan Baba ya ce, "Tambaye ta, ta san ɗiyar tawa?"

Isuhu ya fassara. Tsohuwar ta ba da amsa. Isuhu ya dube ni kafin ya buɗe baki.

"Ta ce sanin mutum babban abu ne. Ba za ta ce ta san ta ba."

Na ga Ramatu ta mintsine shi tana raɗa masa, "Gyara mana, kai!" Bai gyara ba. Tsohuwar ta ci gaba, shi kuma yana bin ta.

"Ta ce ta san fitilarta tana kamawa kafin gari ya waye. Ta san ba ta cin kifin da ba a dafa ba, amma tana kunyar faɗa. Da ranar shara ta zo sau biyu ba ta ga ledarta ba, ta san ba lafiya. Ta ce sauran tana koyo."

Inna ta sunkuyar da kai tana goge ido da gefen mayafi. Baba ya ce, "To. Mun gode." Aka kashe waya.

Na dawo gida ban san ko zan koma ba. Na kwashe littattafaina duka na taho da su. Goggo Hassi ta zo, na ba ta labari, ta tafa hannu. "Ƙasar da baƙo ka gaida masu gida? Allah mai iko!" Sannan ta ce, "Amma dai ta kawo kunu. Ai na ce miki mutanen kirki za su taho." Ban yi mata musu ba.

Baba kuwa wasu zantukan ya kama. Ya tambaye ni karatu, ya tambaye ni masallaci, ya tambaye ni irin ƙasar da suke noma. Maganar komawa bai taɓa ta ba, ni kuma na zauna ina jira ya taso da ita. Mako ya wuce, wani ya bi shi. Ranar nan ina shara sai na ga abin da nake yi, na sake share ɗaki na zauna ina jiran a zo mini. Na jingine tsintsiya na nufi zaure. Na durƙusa na ce, "Baba, maganar komawata makaranta."

Bai ɗago daga littafinsa nan da nan ba. Can ya miƙa hannu bayan buzunsa ya jawo wani abu naɗe da tsumma, ya tura mini. 'Yar ƙaramar fartanya ce sabuwa, ƙirar maƙerin bakin kasuwa, an gajarta mata ƙota daidai hannun tsohuwa.

"Tun makon da kinka dawo take nan, ina jira ki tambaya," in ji shi. "Ba nama ba ce, kare ba shi kama ta. In kin sauka, kada ki hau ɗakinki ki zamna. Ki hwara kai mata."